Wa Zai Kwance Zanin Imedi?

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka, ko da mai nauyi ce.

To ku gyara zama, don mai nauyin ce. Kuma ba ta namun daji ba ce, ta mutanen da na ci tuwo kwano ɗaya da su ce.

Awetu maƙwabciyata ce a ƙauyenmu na bakin tafki. Dangar ciyawa ɗaya ta raba mu, irin wadda in na yi tari za ta ce sannu, in ta soya albasa in san yau akwai baƙi. Uwarta ƙawata ce tun muna 'yammata, shi ya sa take ce mini Inna. Da uwar za ta bar duniya ba ta bar mata wata gonar kirki ba. Imedi ta bar mata.

Imedi ƙaninta ne. Ya haura arba'in, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma kansa bai taɓa kamo shekarunsa ba. Ba mahaukaci ba ne, kada ku je ku ce na ce. Abu ne dai ba ya shiga kansa da wuri, sai an faɗa, an sake faɗa, an kuma faɗa. Amma fa in ya shiga, ya shiga ke nan, ko da gatari ba ka sare shi. Aikinsa ɗebo ruwa a burtsatse, ya cika butocin masallaci, in kwalekwale sun dawo ya taya jan taru a ba shi ɗan kwanon usipa, ƙananan kifin tafkinmu, ya kawo gida yana washe baki kamar shi ya haƙa tafkin.

Ita kuwa Awetu mace ce mai gudun abin magana. Tsakar gidanta ko tsinke ba ka gani. Mijinta Che Bwanali yana Joni, wani babban birni can wata ƙasa a kudu, neman abinci kamar rabin mazan garinmu, 'ya'yanta maza biyu ma sun bi shi, gidan ya rage daga ita sai Imedi sai kaji. Duk rayuwarta abu ɗaya ta sa gaba: kada a yi wa ƙaninta dariya. Rigarsa kullum a wanke, farcensa a yanke. Ta koya masa gaisuwa, ta koya masa yadda ake zama gaban manya, ta kuma koya masa abubuwan da ba a faɗa.

Shekarar da nake ba ku labari, Imedi ya fara ramewa. Wando yana zame masa, sai ya ɗaure da igiyar taru. Mutumin da ke tashi da malmalar tuwon masara uku ya koma ɗaya ma sai ya rage. Awetu ta ce tsutsar ciki ce, ta sayo magani a kanti. Bai yi ba. Ranar nan da safe akuya ta ture wani tsohon tulu a bayan ɗakinsa, ya fashe, sai ga tsummoki cunkushe a ciki, duk jini ya bushe a jikinsu.

Ina jin su ta danga.

"Imedi, mene ne wannan?"

"Nawa ne."

"Na san naka ne. Daga ina jinin?"

Sai ya ce, "Ba a faɗa."

"Faɗa mini, ni ce. Tun yaushe?"

"Tun mangwaro bai nuna ba."

A lokacin kuwa har an cire masara an zuba a rumbu.

"Wayyo ni! Me ya hana ka gaya mini?"

"Ke kika ce maganar bayan gida ba a faɗa, Yaya. Kin ce mai faɗa ba shi da kunya. Ban faɗa ba. Ko sau ɗaya ban faɗa ba."

Ƙarar zamanta a ƙasa kawai na ji, daɓas, kamar an sauke buhu.

Suka tafi asibitin gunduma, daga can aka tura su babban na birni. Ta yi makonni tana kwana a tabarma gefen gadonsa, tana dafa masa kunu a rumfar masu jinya. Da suka dawo, aka sauke shi daga bayan keke aka shige da shi ɗaki da sauri kamar kayan sata. Duk wanda ya zo dubiya, a bakin danga take tare shi.

"Gyambon ciki ne, an yi masa aiki. Yana barci. Na gode, zan gaya masa."

Liman ya zo, yana barci. Matan unguwa suka zo da ayaba, yana barci. Ni ma da na zo, barcin yake. Na ce to, barcin nan ya fi na kada a rana. Amma ban matsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai danga ba ta iya riƙe sirri. Na ga kullum tana ƙona ɓawon lemo a kasko tana zagaya tsakar gida da shi. Na ga ta daina shanya wanki a gaba, ta koma bayan makewayi. Kuma kullum da hantsi sai in ji muryarta ƙasa-ƙasa a ƙofar ɗakinsa.

"Imedi, don Allah buɗe."

"A'a. Mace ba ta shiga."

"Ni ce fa, yayarka. Ni na goya ka a bayan nan."

"Da ne. Yanzu ni namiji ne."

Da abin ya ishe ni na dama kunu mai gyaɗa, na zagaya na shiga ba sallama. Na same ta zaune a kan turmi da ta kifa, ga kwanon tuwon jiya a ƙofar ɗakinsa ba a taɓa ba, tururuwa sun yi masa sarauta.

Ta miƙe. "Inna, ai yana…"

"In kika ce mini barci, da kunun nan zan yi miki wanka. Zauna."

Ta zauna. Da ta fara magana, ba ni take kallo ba, yatsun ƙafarta take kallo.

Ba gyambo ba ne. Ciwon daji ne a hanji, ya girma har ya toshe hanya. Likitoci sun yanke abin da za su iya, suka ce ya riga ya yi rassa zuwa hanta, ba su da yadda za su bi shi can. Abin da suka yi shi ne suka buɗe masa wata ƙofa a gefen ciki, hagu da cibiya, suka fito da bakin hanjin nan, ana manna masa 'yar jakar leda. Ta nan bayan gida ke fita yanzu. Ba ya jin zuwansa, ba ya iya riƙe shi. Jakar kuma sai an zubar, an wanke wurin, an canza.

Da ta zo kan kalmar nan ta bayan gida, sai da ta rufe baki da gefen zani.

Na ce, "To a asibiti wa ke yi masa?"

"Ma'aikata maza. Ni an koya mini ne yana cikin magagin allura, bai san ina wurin ba. Na iya, Inna, wallahi na iya. Amma tun da muka dawo ya hana ni ko kallo. Ya ce shi zai yi da kansa. Hannunsa rawa yake, tsoron kallon wurin ma yake ji, wai baki ne mai cizo. Ya manna a karkace, ya yi ta yoyo, fatar ta ɗaye. Sai ya naɗe cikin da zani ya ɗaure da igiya."

"Ba ki gwada ba ko yana barci?"

Nan ne hawayen suka zo. Ta ce ta gwada. Shekaranjiya da rana tsaka ta lallaɓa ta shiga, ta kai hannu kan ƙullin igiyar, ya farka. Bai dake ta ba, bai zage ta ba. Ya juya fuska bango ya yi ta kuka kamar yaron da aka yi wa tsirara a kasuwa, yana cewa ta ɓata shi, ta mayar da shi yaro. Tun daga nan ya tokare ƙofa da ƙotar fartanya. Kuma tun daga nan bai sa komai a baki ba sai ruwa.

Ku da ba ku san zamanin da ba, bari in gaya muku abin da ya riƙe. Da yana yaro an kai shi jando tare da sa'o'insa, wato zaman kaciya a daji. Mutane sun ce kada a kai shi, ba zai fahimci komai ba, uwarsa ta ce sai an kai. A can ake gaya wa yara cewa daga yau kun zama maza: ba ku shiga ɗakin uwa, uwa da 'yar'uwa ba su ganin abin da ke ƙarƙashin rigarku. Sauran yaran sun ji, sun girma, sun san inda doka ke lanƙwasa in lalura ta zo. Imedi bai san lanƙwasa ba. A duk duniya wannan ne abu ɗaya da aka yi masa daidai da kowa, rana ɗaya da kowa, aka fito da shi da sabon zani ana guɗa kamar kowa. To shi za a ce ya saki?

Na tashi na je ƙofar. Tun kafin in isa warin ya tare ni, na haɗiye na yi kamar ban ji ba.

"Imedi, mijina, Inna ce mai fanke. Buɗe in ga ciwon nan."

"Sannu Inna. Ba a buɗewa."

"Haba, ni ai na daina zama mace tun kafin ka yi haƙori. Dube ni fa, ko gemu na fara."

"Kina ɗaura zani. Mace ce."

"To in na aro wandon liman fa?"

Na ji 'yar dariya, siririya, ba ƙarfi. "Mace ce dai."

"To wa ka yarda ya gani?"

"Likita mai wando." Sai ya ƙara da cewa, "Da Lombwe."

Na waiwaya na dubi Awetu. Ta riga ta kifa kai a gwiwa.

Lombwe shi ne saurayin da ake danƙa wa yaro a jando. Shi ke wanke masa ciwo, shi ke ba shi abinci, shi ke riƙe shi in yana kuka. Lombwen Imedi kuwa Che Jafali ne, mai gyaran taru, mutum mai baki kamar reza. Kuma shekaru ke nan Awetu ba ta ga-maciji da shi. Wata rana ta je sayen kifi ta tarar Imedi na rawa da kwando a ka, maza na tafi, Jafali na kaɗa masa jarka. Ta fizge ƙaninta, ta nuna Jafali da yatsa gaban kowa ta kira shi tsohon banza mai cin naman marayu, ta ce ko a hanya suka haɗu kada ya ƙara kiran sunan Imedi. Shi kuma Imedi ta ce kada ya ƙara yi wa Jafali magana. Kun san Imedi. Tun ranar, in ya zo wucewa ta gaban Jafali sai ya kau da kai.

"Gara in mutu," in ji Awetu.

"Ai ba ke ce a layin mutuwar ba," na ce.

"Ki je mini, Inna. Ke yana jin nauyinki."

"Da ana aike, da na tafi tun ɗazu. Kin san ba a yi wa lombwe ɗan aike. Mai yaro ke zuwa da ƙafarsa da kaza a hannu, yadda uwarki ta je. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Awetu."

Ba ta je ba a ranar. Ta ce bari ta jira ko ma'aikacin lafiya zai zagayo, alhali ta san mace ce ke zagayen yankinmu. Ta ce ko ta kira mijinta a waya, kamar daga Joni zai miƙo hannu. Na kwashe kwanona na koma gida raina a jagule.

Washegari da hantsi ina tankaɗe fulawa na ji shi ne ya fara kiranta, muryar kamar daga cikin rijiya.

"Yaya."

"Na'am, ɗan'uwana. In kawo kunu?"

"A'a. Yaya, na gane dabara. In ban ci ba, ba ya fitowa. Yau bai fito ba. Ba za ki ƙona lemo ba yau." Ya numfasa. "Na kyauta?"

Na ajiye rariya. Abin da na ji kawai kaji ne suka watse da kuka, sai ga ta ta leƙo ta kan danga, jar kaza a hammata, mayafi a karkace.

"Inna, raka ni. Ƙafata ba za ta kai ni ni kaɗai ba."

Lokacin bakin tafki ya cika. Kwalekwale sun dawo, mata na baza usipa a kan gadajen shanya, masu kekuna na ɗaure kwanduna. Maza sun baje taru a ƙarƙashin babbar bishiya, Jafali a tsakiya, ya maƙale zare da babban yatsan ƙafa yana ɗinki. Bai ɗaga kai ba sai da inuwarmu ta faɗa kan aikinsa.

"A'a! Yau kaza ta yi ɓatan kai? Nan kifi muke sayarwa, bayin Allah."

Aka yi dariya. Awetu ta durƙusa, abin da ban taɓa ganin ta yi wa wani namiji a waje ba.

"Che Jafali, ina kwana. Magana nake so mu yi, a gefe."

"Lafiya lau, Abiti Sumani." Da sunan ubanta ya kira ta, yadda ake kiran wadda ba a saba da ita ba. "A gefe? Ai tsohon banza ba shi da gefe. Waccan maganar a nan kika ajiye mini ita, gaban waɗannan. Wannan ma sauke ta nan, wurin bai cika ba."

Na ce, "Jafali, ka ji tsoron Allah."

"Ke kuma mai fanke, man ne ya ƙare kika biyo rakiya?"

Na buɗe baki zan ba shi daidai da shi, Awetu ta riƙe mini zani. Masu shanya sun riga sun tsaya da hannu cikin kifi.

"Ƙarya na yi muku," ta ce. Muryar ta fito ƙarama, ta sake ɗagawa. "Ba gyambon ciki ba ne. Imedi ciwon daji gare shi a hanji, kuma ba zai warke ba. An huda masa ciki, ta nan yake bayan gida, cikin leda. Ya hana ni taɓawa don ni mace ce. Wurin ya ruɓe. Ya daina cin abinci don kada ya yi mini wari a gida." Ta miƙa kazar da hannu biyu. "Ya ce lombwensa kaɗai. Abin da na faɗa maka a nan, na faɗa, ba ni da bakin janye shi. Ba don ni ba."

Kun san bakin tafki ba ya shiru. Ranar ya yi. Har ruwan da ke dukan gindin kwalekwale ana ji. Wani saurayi ya yi 'yar dariyar da ba ta da wurin zama, na kusa da shi ya zungure shi. Sauran mazan kowa ya samu abin kallo a cikin tarunsa.

Jafali ya zare zaren daga yatsansa. Ya daɗe yana naɗe shi, ya fi yadda zare ke buƙata. Sannan ya karɓi kazar, ya ja wuƙa daga ƙugu, ya juya gabas ya yanka, ya miƙa mata.

"Je ki yi romo. Kada ki cika barkono."

Muka kamo hanya, ita a gaba da kaza tana ɗigar jini, ni da shi a baya. Sai da muka wuce masallaci ya yi magana, ba tare da ya dube ni ba.

"Na gan shi, kin sani. Tun kafin damina. Muna tsakar jan taru sai ya saki igiya ya ruga cikin kyauro. Ya dawo, ya sake rugawa. Na ce wa yara ɗanyen usipa yake sata yana ci. Aka yi ta dariya, har suna suka sa masa." Ya tofar da yawu. "Ni da na wanke yaron nan da hannuna. Haushin yayarsa ya sa ko tambaya ban yi ba."

Wanda ya riga ya mari kansa ba ya buƙatar taimako.

Da muka isa ya tsaya a ƙofar ɗakin ya gyara murya.

"Kai yarona. Lombwe ne. Ɗauke fartanyar nan."

Aka ji motsi a ciki. Sai muryar Imedi: "Yaya ta ce kada in yi maka magana."

Jafali ya waiwayo. Awetu na tsaye da kaza ko figewa ba ta yi ba. Maƙwabta kuma sun fara taruwa a bayan danga, wai wucewa suke.

"Imedi," ta ce, "na ɗage. Ka yi masa magana."

"Kin ce tsohon banza ne."

"Na yi kuskure. Ba tsohon banza ba ne. Lombwenka ne."

Aka ja fartanya. Jafali ya sunkuya ya shiga, ya turo ƙofa. Ban gama gyara zama ba sai ga shi ya fito a guje, hannu a baki, ya zagaya bayan gwanda. Mutumin da ya shekara hamsin cikin ƙarnin kifi, ya yi ta kelaya amai har yana dafa bishiya. Da ya ɗago, ya kasa haɗa ido da kowa.

Daga ciki aka ce, "Lombwe? Kai ma ka gudu?"

Ya ɗauki buta ya kurkure baki, ya watsa ruwa a fuska. "Wa ya gudu? Ɗanyen usipa na ci da safe, shi ne ya tashi." Ya dubi Awetu, muryarsa ta sauka. "Na kwance zanin. Ban san abin da ake yi ba. Ko kaɗan ban sani ba."

To kun ji inda aka tsaya. Mai hannu bai sani ba, mai sani ba ta da izinin gani. Awetu ta miƙa mini kazar, ta shiga ɗakinta ta fito da kwalin jakunkunan da aka ba su a asibiti, da almakashi, da tsumma mai tsabta, da kwanon ruwan ɗumi. Ta ajiye a bakin ƙofa. Sannan ta zauna a ƙasa, ta jingina baya da bangon ɗakin, fuskarta na kallon danga.

"Imedi, ga ni a waje, na juya baya. Baki kawai zan sa. Ka yarda?"

"Ba ki gani?"

"Inna ce shaida."

"Ba ta gani," na ce. "Ni ma kaza nake figa."

Haka aka yi shi, jikokina, ta cikin bango.

"Ɓare tsohuwar a hankali, daga sama. Riƙe fatar da ɗaya hannun."

"Ta manne da ciwon."

"Jiƙa ta. Kada ka fizga, ba taru ba ne."

"Ji mace! Yau ni ake koya wa sauƙin hannu. Kai, tsaya mana, kada ka motsa. To ta fita. Ina sabulu?"

"Ban da sabulu. Ruwa kawai. Dangwala, kada ka goga."

"Abin nan ja wur, yana ɗan jini."

"Haka yake, ba ya jin zafi a nan. Fatar gefen ce mai zafi. Bar ta ta bushe sosai, ka yi mata fifita."

Sai muka ji yana fifita da murfin kwali yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, irin tasu ta daji wadda mata ba su san kalmominta ba. Ya yanka ramin jakar farko ya yi faɗi da yawa, ta lalace. Awetu ta cije leɓe, don jakunkunan ba yawa gare su ba. Jaka ta biyu ta zauna daidai. Ta ce ya dafe ta da tafin hannu har ta kama. Yana dafe da ita ne na ji Imedi ya ce, "Lombwe, hannunka na rawa."

"Tsufa ne."

"Kada ka ji tsoro. Ba ya cizo."

Da romo ya nuna na zuba a kwano, da ɗan tuwo mai laushi, na ajiye a ƙofa. Jafali ya ja ciki. Nan kuma aka dawo inda ake tsoro.

"Ci."

"A'a. In na ci zai fito."

"Ya fito mana! Don ya fito aka yi masa ƙofa. Kowa nasa fita yake. Nawa na fita. Na mai gari na fita. Na liman ma, da rawaninsa da komai. Kai dai gata aka yi maka, taka ƙofar a gaba take kana ganin baƙonka, mu sai dai mu ji labari."

Imedi ya yi dariya har da tari. Sannan ya juya abin a kai, ya yi tambaya.

"Har na Yaya?"

Jafali ya bar wa Awetu amsar. Bayan danga kuwa a lokacin an kai mutum nawa ban sani ba, har da masu tulu a ka. Na dubi Awetu. Ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, kunnuwanta kaɗai ke waje. Daga cikin mayafin ta ce, da ƙarfi yadda zai ji:

"Har nawa, Imedi. Kullum. Kuma ana faɗa. In ya fito, ko ya yi ciwo, ko ka ga jini, ka faɗa mini. Ni ce na koya maka ba daidai ba."

"Ba rashin kunya ba ne?"

"Ba rashin kunya ba ne."

Muka kasa kunne. Can sai muka ji ƙarar cokali a jikin kwano.

Ba zan ce muku daga nan komai ya yi daɗi ba. An yi magana a gari, an yi ta sosai. Akwai matan da suka daina aron turmin Awetu. Ita ma ta daɗe ba ta zuwa burtsatse sai rana ta take, lokacin da ba kowa. Jakunkuna suka ƙare kafin a samo wasu, aka koma ledar sukari da ɗamarar da ta ɗinka, Jafali na ɗaurawa yana zagin wanda ya ƙirƙiro leda. Safe da yamma yake zuwa, ita kuma ta zauna a wurinta ta juya baya. Bai taɓa ce mata ya yafe ba, ba ta kuma sake roƙo ba. Shayi dai take ajiye masa a kan turmi, ya sha ya ce sukarin ya yi kaɗan.

Imedi ya koyi zubar da jakar da kansa, canzawa ce dai bai taɓa iyawa ba. Ya ɗan yi ƙiba, ya koma masallaci, liman ya ce lalura ce, ya yi alwalarsa ya yi salla, sai ya riƙa tsayawa a ƙarshen sahu kusa da ƙofa. Taru kam bai sake ja ba. Ya ga ruwan farko, ya ga masara ta kai gwiwa, sannan ya kwanta, ya rasu wata Laraba da la'asar, yayarsa na riƙe da hannunsa ta saman bargo. Jafali ne ya yi masa wanka. Che Bwanali ya dawo daga Joni bayan an yi sadakar arba'in, ya yi wata biyu ya koma. Awetu tana nan a gidanta, ta mayar da ɗakin Imedi wurin ajiye masara. Jafali idonsa ya yi rauni ya bar ɗinkin taru, ɗansa ke ciyar da shi. Ni kuma ina nan ina suyar fanke.